Ranar da rajista ta cika kafin azahar

Ranar komawa lakwal, wato makaranta, a watan Oktoba na 2015 na yi sammako, amma iyaye mata sun riga ni. Layinsu ya tashi daga ƙofar ofishina har gindin bagaruwar da ke bakin fili, kowace riƙe da yaro, wata biyu. Kafin azahar littafin rajistar ƴan aji ɗaya, wanda muke ce wa CI, ya cika, na koma rubuta sunaye a bayan tsofaffin takardun jarrabawa.

Ni ne direktan wata makarantar firamare a gefen Agadas. Baƙo in an ambaci garinmu, hasumiyar babban masallaci yake tunawa, mai tsawon mita 27, da fadar Sarkin Abzin, da tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Can ciki babu fili, kuma ba a gini yadda aka ga dama. Duk wanda ya zo da kayansa gefe yake nufa, wato wurinmu. An kuwa zo. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta koro mutanenmu daga Libiya da iyalansu. A 2014 zinariya ta ɓulla a Jado, can cikin hamada arewa maso gabas da mu, maza suka yi ta kwararowa daga Damagaram da Maraɗi da Tawa, da yawa suka sauke mata da yara a Agadas suka wuce daji. Ga kuma makiyayan da fari ya raba da dabbobinsu.

Da farko na ɗauka aji ne kawai damuwata. Na yi ta kai takarda ofishin anspekta har masu gadi suka san ƙarar babur ɗina. Da jira ya ishe mu, muka zauna da kwamitin iyaye, aka yi karo-karo, muka kafa azuzuwan zana guda uku. Na yi murna kamar na gina bene.

Ashe da sauran rina a kaba. Aji ya samu, malami babu. Ɗan kwantiragin da aka turo mana daga kudu ya yi wata uku, albashi ya makara, haya ta ci ƙarfinsa, ya tafi hutu bai dawo ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Famfo ma ba mu da shi, ƙarfe sha ɗaya in rana ta take sai yara su tafi gida shan ruwa, rabi ba sa komowa. Manyan ƴan mata kuma suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na je gidan su wata da niyyar faɗa, uwar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, ba karatun ta ƙi ba. In ta matsu, ina za ta zaga?" Ban sami amsa ba. Kuɗin da muka tara don ajin zana na huɗu, makewayi biyu da randunan ruwa muka yi da shi.

Harshe ma ya ba mu aiki. A benci guda za ka ga mai Buzanci, da mai Tubanci, da yaron da aka haifa a Libiya wanda ba ya jin komai sai Larabci, malama kuma tana ta Faransanci. Sai muka riƙa zaunar da sabon zuwa kusa da mai jin yarensa da Hausa. Babu littafin da ya koya mana wannan, malamar ce ta gano.

Gobarar da ta ci yara fiye da 20 a azuzuwan zana a Maraɗi cikin Nuwamban 2021 ta hana ni barci. Washegari muka mai da ƙanana cikin ginin bulo, manya suka koma zana, aka buɗe wa kowane aji ƙofa ta biyu, masu tuyar ƙosai muka roƙe su su matsa nesa.

Yanzu ba na jiran Oktoba. Tun cikin bazara nake hawa babur in zaga unguwa ina ƙirga sabbin harsasai da wuraren da ake buga tubali. In tsaya wurin mai unguwa, in kuma tare ƴan ga-ruwa, don su suka san gidan da aka tare da yawan yaran da ke ciki. Bana tun watan Yuni na kai wa anspekta lissafina, na nemi malamai biyu. An ba ni ɗaya.