Da trotro ta kaɗe Inna a Aboabo

A zangonmu na Kumasi, idan mota ta buge mutum, tun yana kan gadon asibiti dattawa ke isowa daga wajen mai motar, da goro da ɗan ambulan, ana cewa tsautsayi ne, a bar wa Allah. Haka aka yi mana da trotro, ƙaramar bas ta haya, ta kaɗe Inna, ƙanwar mahaifiyata, a bakin titi a Aboabo, tana ɗauke da bokitin koko za ta wurin sana'arta. Ƙwaurinta ya karye. Mai MoMo, wato mai sana'ar tura kuɗi ta waya, da ke zama ƙarƙashin lema a wurin ya ce tun daga nesa ya hango direban kansa a sunkuye kan waya, hannu ɗaya a sitiyari.

Ni aka ɗora wa zirga-zirgar takardu. Da aka fara zancen a janye magana daga hannun 'yan sanda, na ƙi. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Kai yaro, sahu ɗaya muke salla da mai motar nan. So kake a ce mun kai ɗan'uwa ƙara?" Na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ai ba daga aljihun Alhaji kuɗin zai fito ba." Tun 1958 dokar Gana ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda ta raunata, ko iyalan wanda ta kashe. Alhaji yana biyan kuɗin nan duk shekara, saboda irin wannan rana. In muka yafe, kamfanin inshora muka yi wa kyauta, shi kuwa ko sannu bai zo yi wa Inna ba. A gaban Kawu na danna *920*57#, na sa lambar motar, saƙo ya shigo da sunan kamfanin da ranar da inshorar za ta ƙare. Sai ya yi shiru.

Kamfani ba ya sakin ko sidi ɗaya sai ya ga rahoton 'yan sandan MTTD, masu kula da zirga-zirgar motoci, da na likita. A nan muka kusa samun matsala, don matan gida sun so a ɗauke Inna daga asibitin Komfo Anokye a kai ta wurin mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, sun tayar da mutane da yawa a unguwarmu, amma ba sa ba da takardar da kotu ko inshora za su karɓa. Fom ɗin da 'yan sanda suka ba mu likita ne zai cike shi, shi ne kuma daga baya zai rubuta yawan nakasar da raunin ya bari. A kan wannan rubutun ake lissafin diyya.

Maganar waya ta fi komai wuya. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta hana direba amfani da waya yana tuƙi, sai dai wa zai tsaya ya ce ya gani? Mai MoMo da farko ya noƙe, wai ba ya son shiga harkar 'yan sanda. Sai da limamin unguwa ya yi masa magana ya je ya ba da bayani, tun abin yana sabo a kansa. Da direba ya ji akwai shaida, ya amsa laifinsa a kotu, aka ci shi tara. Mutanen gida suka ɗauka an gama. Tara ta gwamnati ce. Haƙƙin Inna wata hanya ce daban, kuma doka ta ba da shekara 3 kacal a shigar da ƙarar neman diyyar rauni.

Ba mu da kuɗin lauya, sai na nufi ofishin Legal Aid, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi. Sun bincika halin Inna kafin su karɓa. Lauyar da ta zauna da mu ta ja mana kunne: kada Inna ta dangwala yatsa a kowace takarda ta kamfani sai an karanta mata an fassara, domin wanda ya sa hannu cewa ya karɓi hakkinsa duka ya rufe wa kansa ƙofa. Tayin farko da kamfanin ya kawo ko kuɗin magani bai kai ba.

Rasit ɗin magani da na hoton ƙashi duk na tara su a baƙar leda. Amma mai koko ba ta da takardar albashi, ta yaya za a nuna abin da ta rasa a watannin da ta yi kwance? Lauya ta tambaya ko Inna tana zubi. Aka ɗauko katin mai susu, wato mai karɓar zubin kullum, katin da ya sha hannu har ya yi laushi, kowace rana da alamar biro da abin da ta zuba. Da shi aka kafa hujjar cinikinta, aka daidaita da kamfani ba tare da an koma kotu ba.

Yanzu wani maƙwabcinmu ne mota ta buge da dare ta gudu, ba wanda ya riƙe lamba. Irin wannan, da wanda mota marar inshora ta raunata, Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, tana da asusun da ake tallafa musu daga ciki. Su ma rahoton 'yan sanda da na likita suke fara tambaya, shi muke bi masa a satin nan.