Rizista biyu na ƙona kafin na taɓa fankar

Ya fi wata biyu kukan yana yi mini gargaɗi. Da na kunna hitar motata da sassafe sai wani "ƙiiii" ya taso daga ƙarƙashin dashbod, ɓangaren fasinja. In na faɗa rami ya yi shiru, can kuma ya dawo. Ni kuwa sai in ƙara muryar rediyo.

Ranar da fankar da ke hura iskar hitar ta ƙi juyawa a lamba 1, 2 da 3 na makunnin gudunta, sai a 4 kaɗai, har wani daɗi na ji, wai ni na san ciwon: rizista ce. Ita ke rage wuta a ƙananan lambobi, ta ƙarshe kuwa kai tsaye wutar ke zuwa, ba ta bi ta kanta. Noti biyu, soket ɗaya, na canza ta ina ta yabon kaina. Ko sati biyu ba ta yi ba ta ƙone. Na ce jabu aka sayar mini, na sake sayo wata. Wannan karon har da warin ƙonanniyar roba a cikin mota.

Sai a lokacin na cire kan batir, na kwanta rigingine, kaina a wurin ƙafar fasinja, tocila a baki, na sauko da fankar kanta. Notin fankar na uku yana can ƙurya, da laluben yatsa na same shi. Na juya ta da hannu, sai na ji tana cijewa kamar an zuba mata yashi. Boris, wato abin da sandar fankar ke juyawa a cikinsa, ya bushe ƙamas. Fankar da ke juyawa da ƙyar wuta take ja fiye da ƙima, kuma ta cikin rizista wutar ke bi. Ga shi ita rizistar a hanyar iska aka dasa ta don iskar ta riƙa sanyaya ta, filtar da ke tace iskar kuma ta toshe da ƙura da busassun ganye. Wuta ta yi yawa, iska ta yi kaɗan. Ko goma na saya haka za su ƙone, ina ta ɗaukar alhakin mai kaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne soket. Zafin rizista ta biyu ya narkar da bakinsa, dole na yanke wayoyin na haɗa sabo, aikin da da ban san da shi ba.

In fankarka tana kuka sannan lambobi suka mutu, kada ka biya kuɗin rizista sai ka juya fankar da hannunka. Ka duba filta a ranar. Kuma ka jona sabuwar fankar ka gwada ta a kowace lamba kafin ka ɗaure noti, don ba wanda zai so komawa wa noti na ukun nan sau biyu.

Tsofaffin rizistocin suna nan cikin akwatin dashbod, na kasa jefar da su.