Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Neman Kuɗin Waya Mai Jagora

Ni makaho ne. A makon jiya na tsaya da labarina ne a inda wani kamfani a Kakuri, Kaduna, ya kira ni ganawar ɗaukar aiki, ban samu zuwa ba saboda ƙanena da ke yi mini jagora yana rubuta jarrabawa. Ban ga laifin yaron ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk fitar da zan yi daga Tudun Wada, sai an cire shi daga aji.

Farar sanda tana nuna mini kwata da rami, amma ba za ta faɗa mini na iso Ahmadu Bello Way ba. Wannan aikin waya ne. TalkBack yana karanta abin da ke fuskar wayar Android, Google Maps yana faɗin kwana, manhajar Lazarillo tana ambaton tituna da shagunan da nake wucewa. In na rikice, Be My Eyes zai haɗa ni da mai gani ya duba mini ta kyamara. Ba na cewa ba su da gazawa. A lungunan Rigasa sau da yawa sai ka tambayi mutane. Manhajojin kyauta ne. Wayar kirki, da data, da abin caji su ne kuɗi.

Na fara yawon ofisoshi da takardar neman taimakon kuɗin wayar. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a ware mana aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. To wanda bai iya kai kansa ƙofar ofishin ba, yaya zai ci wannan kason? A wani wuri aka ce mini, "Malam, ka dawo da azumi, akwai rabon shinkafa." Na yi godiya, na fito zuciyata na ƙuna.

Kawuna, tsohon ma'aikacin masaƙa, shi ya sa na karanta masa takardar. Ya ce, "Ɗana, ka rubuta ta kamar mai bara. Tela in ya nemi keken ɗinki, jari yake nema. Rubuta haka." Muka sake ta: farashin waya daga shago, kuɗin data na wata, da wuraren da na nemi aiki.

Wata gidauniya ta amsa. Hajiyar da ke kula da shirin ta ce za su sayi wayar, data kuwa babu ita a tsarinsu. Sai na kai maganar wajen 'yan'uwana makafi da muke adashi tare, inda aka yi muhawara mai zafi. A nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.