Maganin sanƙo da lokutan alwala

Shagon aski nake da shi a Tudun Wada, Gusau, ni da yarana. Mai aski kan riga mai kai ganin sanƙo, domin sau da yawa daga tsakar kai gashi ke fara sirancewa, inda madubi ba ya nunawa. Shi ya sa masu sayen minoxidil, maganin sanƙo na shafawa, a kemis wurina suke kawo kuka: "Malam, har kwalba ta ƙare ban ga komai ba."

Maganin yana yi wa mutane da dama aiki. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura gashi na tsiro wa masu shan ta, sai a 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa shafa shi a ka. Amma yana son ya yi awa 4 a kan busasshiyar fata kafin ruwa ya taɓa shi, mu kuwa kullum cikin alwala muke. Mutum ya shafa bayan la'asar, shafar kai ta alwalar magariba ta ɗebe shi, ga zufa a ƙarƙashin hula. Abin da nake gaya wa kowa, mililita 1 bayan asuba, domin kafin azahar ya shiga, sai wani bayan isha'i. A bari ya bushe kafin hula ko matashi su taɓa shi.

A fata ake sa shi, ba a kan gashi ba, don haka nake rage musu sumar sosai. Wanda ya riga ya lafta basilin ko man kaɗanya ya toshe masa hanya. Mai amosani ya fara magance shi da sabulun ketoconazole.

Abin da ya fi damuna shi ne masu dainawa a makonnin farko don sun ga gashi na ƙara zuba. Tsohon ne ke ba sabo wuri. Sai an yi wata 4 zuwa 6 ake ganin canji, kuma in aka daina, cikin 'yan watanni abin da ya tsiro zai kaɗe. Wanda kansa ya daɗe yana ƙyalli kuwa, gaskiya nake gaya masa, kada ya zubar da kuɗinsa.

Samari na roƙona in riƙa gangara musu abin nan mai ƙananan allurai a fatar kai. Wani bincike a Mumbai a 2013 ya nuna yana ƙara wa maganin ƙarfi, amma ni ba na yin sa a shagona. Abin da ke huda fata ba na yawo da shi daga kai zuwa kai, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Mai son wannan, ko finasteride, ƙwayar da ake sha don sanƙo, likitan fata nake tura shi ya gani.