Bayan beli ne aikin lauya yake farawa

Ofishina ɗaki biyu ne a wani bene kusa da titin Ahmadu Bello a Kaduna, ni da akawuna da wani yaro lauya mai hidimar ƙasa. Yawancin abincinmu daga shari'ar laifi yake fitowa. Wanda ake tuhuma ba shi ke fara hawo benen ba, yana hannun 'yan sanda. Uwa ce ke zuwa, ko wa, ko matar aure da goyo, kuma maganar ba ta wuce: "Barista, a taimaka a fito mana da shi."

Tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da mutum cikin awa 24 in akwai kotu kusa, ya kuma ce ba shi da laifi sai an tabbatar. A gaban majistare ana karanta masa takardar ƙarar da 'yan sanda suka kawo, a fassara masa da Hausa, a tambaye shi ko ya aikata. In ya musa, sai in miƙe in roƙi beli. Sata ko zamba ko cin amana, akan samu, muddin akwai mai tsaya masa da sanannen adireshi. Kisa da fashi da makami kuwa sun fi ƙarfin majistare. Sai dai a tura shi gidan gyaran hali, a kai fayil Ma'aikatar Shari'a a jira shawararta, kafin maganar ta isa Babbar Kotu a titin Bida. Dokar gudanar da shari'ar laifi ta jihar, ta 2017, ta zo da niyyar rage wannan jira, amma fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Akawuna ya fi sanin wannan hanya fiye da ta gidansu.

Ranar da mutum ya kwana gida, dangi sun ɗauka an gama. Waya ta daina shiga, ragowar kuɗin aiki sai Allah ya kawo. Alhali a lokacin ne mai gabatar da ƙara zai fara jero shaidunsa, ni kuma in bi kowanne da tambayoyi. Nan ake cin shari'a ko a faɗi. Ɗan sandan da ya yi bincike zai kawo takardar da ya ce wanda nake karewa ya amsa laifi a ciki. In mutumina ya ce da duka aka karɓa, sai in ƙalubalanci takardar a gaban kotu. In hujjar masu gabatar da ƙara ta yi rauni, nakan roƙi kotu ta sallame shi tun bai buɗe baki ba. In ba haka ba ya kare kansa, mu yi jawabin ƙarshe, a sa ranar hukunci, in an same shi da laifi a roƙi sassauci.

Tsakanin waɗannan duka akwai ɗage zama: shaida bai zo ba, an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, motar gidan yari ba ta iso ba. Wanda ke kan beli ya gaji ya ƙi zuwa, alƙali ya ba da sammacin kamo shi, mai tsaya masa ya shiga uku. Shi ya sa nake raba kuɗina kashi-kashi, na beli daban, na sauraron shaidu daban, da kuɗin mota duk zama. Lambar wayar mai tsayawar nake fara karɓa, domin shi ne ba ya kashe waya.