Farashi ba na kaya ba ne, ba na dila ba ne

Da aka ɗora mini aikin tsara rumbun bayanai na kayan gyaran mota da dilolin da ke kawo su, da biro da takarda na fara. Kowane bayani sai na tambayi kaina: na kaya ne, na dila ne, ko kuwa sai sun haɗu yake samuwa?

Farashi ne ya fi cin lokacina. Filtar mai guda, dila uku na iya kawo ta, kowa da kuɗinsa da kwanakin da yake ɗauka. Shi kuma dila ɗaya yana kawo kaya barkatai. In ka cusa farashi a teburin kaya, wato jadawalin da ke jera kayan a rumbun, duk ranar da sabon dila ya zo sai ka ƙara gurbi, ƙarshe tebur ya cika da guraben da ba komai a cikinsu. Sai na kafa tebur na uku a tsakanin teburin kaya da na dila: lambar kaya, lambar dila, farashi, da ranar da farashin ya fara aiki. Tsohon farashi ba na goge shi, sabon layi nake ƙarawa, domin wata rana za a nemi sanin nawa aka saya bara. Tushen wannan tsari aikin Edgar Codd ne na kamfanin IBM a 1970, kuma abin da na riƙe daga gare shi shi ne kowane bayani ya zauna wuri ɗaya tak.

Lambar kaya ma tana da nata rikicin. Fulogi ɗaya yana da lambar kamfanin motar, da lambar wanda ya ƙera shi, wani dilan ma ya maƙala tasa. Sannan kamfani kan janye lamba ya sa wata a madadinta, alhali bakanike tsohuwar ya haddace, da ita zai zo. Shi ya sa na ƙi amfani da lambar waje a matsayin babban mabuɗi, wato lambar da rumbun ke bambanta kowane kaya da ita. Na bar rumbun ya ba kowane kaya tasa lambar, sauran suka koma teburinsu, da gurbin da ke nuna wadda ta gaji wata. A matsayin rubutu na ajiye su, ba adadi ba, don sifilin farko da ɗan layin tsakiya kada su salwanta. Haka na yi da lambar shasi mai gurbi 17, wadda ba a sa I, O da Q a cikinta. Na sa rumbun ya ƙi karɓar duk wadda ta saɓa.

Mai saye kan tambaya: "Zai shiga motata?" Sunan mota kaɗai ba ya amsa wannan. Sai da samfuri, da shekarun ƙira daga kaza zuwa kaza, da irin inji. Nan ma tebur na tsakani ne ya raba gardama.

Adadin kayan da suka rage kuwa, ban yarda a riƙa gyara shi da hannu ba. Kowace shiga da fita layinta daban, lissafi ya fitar da saura. In fulogi biyu suka ɓace, ana iya bin sawu har ranar.

Da SQLite, wata manhajar rumbun bayanai, na gwada tsarin. Mai bin wannan hanya ya sani ba ta tilasta mabuɗan haɗi, wato lambobin da ke ɗaure wani tebur da wani, sai an kunna su da umarnin PRAGMA foreign_keys = ON a kowace haɗuwa da rumbun. In ba haka ba, za a iya goge dila, farashinsa ya zauna maraya.