Takardar banki ta wannan watan

Yau takardar katin bashina ta iso daga banki, kuma a gurbin abin da ake bina an rubuta sifili. Idona ya tafi neman ɗan akwatin nan da dokar Amurka ta 2009 ta tilasta wa bankuna sakawa, wanda ke nuna shekarun da mutum zai kwashe yana biya idan mafi ƙarancin kuɗin kawai yake bayarwa duk wata, alhali kuɗin ruwa na lashe yawancinsa kafin a taɓa uwar bashin. Babu shi a takardar, alhamdu lillahi.

Abin da na saba turawa katin zai koma asusun ajiya daga albashin watan nan, kuma ina ganin barin sa a can ba tare da na taɓa ba zai fi biyan bashin wuya.